Layin Waya da Ƙirgen 'Yan Gudun Hijira a Zamfara

Duk lokacin da mutum ya kira waya ko ya tura saƙo, kamfanin sadarwa yana ajiye lambar layin, da lokacin, da turken sabis ɗin da ya ɗauki kiran. Da waɗannan ake gano inda jama'a suka nufa idan masifa ta tashe su. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, an bi layukan kamfanin sadarwa na Digicel kusan miliyan 1.9, aka ƙiyasta mutum 630,000 sun bar babban birnin cikin kwana 19.

Ga yadda ake yi: da farko a ɓoye lambobin tun a cikin kamfanin. Sai a duba turken da kowane layi ya yi kiransa na ƙarshe a kowace rana, makonni kafin harin da ya tashi mutanen, a ɗauka nan ne gida. Idan layukan da ke kwana a yankin Zurmi suka koma kwana a Ƙaura Namoda ko Gusau, an ga alamar ƙaura. Jimilla kawai ake fitarwa, kuma rukunin da bai kai layi 15 ba akan share shi don kada a gane mutum.

A nan Zamfara sai an yi hattara sosai. Turken ƙauye kan ɗauki kilomita da yawa, don haka wanda ya gudu maƙwabcin gari ba zai bayyana ba. Magidanci mai layin MTN da na Airtel ya zama mutum biyu, alhali matansa da 'ya'yansa, waɗanda su ne suka fi cika sansani, ba su da ko ɗaya. 'Yan bindiga na ƙwace wayoyi, sai layin ya bi su daji. Idan man janareton turke ya ƙare, gari guda ya yi tsit kamar an watse, jama'a kuwa suna nan. A Satumban 2021 da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sa aka katse sabis a faɗin jihar, wannan hanyar ƙirge ta makance gaba ɗaya. Ga kuma 'yan cirani da ranar kasuwa, waɗanda su ma kan yi kama da ƙaura, don haka dole a kwatanta da irin wannan lokacin na bara.

Ni a ganina, amfaninsa shi ne nuna wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, da ma'aikatan hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, inda za su fara zuwa, musamman masu raɓewa gidajen 'yan'uwa da ba sa shiga rajistar sansani. Rabon abinci kuwa sai an je an ƙirga tare da mai unguwa. Taswirar inda mutanen suka koma kuma a tsare ta bisa dokar kare bayanai ta 2023, domin idan ta faɗa hannun masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ta nuna musu inda mutane suka fake.