Hutu a Gindin Tsaunukan Alps a Zamanin Kulle

Duk Bahaushen da na sani a Jamus, kwanakin hutunsa na shekara ajiya ce ta zuwa gida. Doka ta ba mai aikin kwana biyar a mako aƙalla kwana 20, wurare da dama suna bayar da har 30, amma mu ba ma taɓa ko ɗaya. Sai a tara su, a haɗa da kuɗin jirgi da na tsaraba, a kwashe gaba ɗaya a sauke a Kano ko Damagaram ko Kumasi. Ni ma a kan wannan tsarin nake tun da na fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi a gefen birnin Munich. Abokan aikina Jamusawa kuwa da ƙarshen mako ya zo sai su ɗauki takalman hawan dutse su nufi kudu, ran Litinin su dawo fuska ta yi jawur suna labarin inda suka hau. Ina jin su, kuma ina ganin tsaunukan da idona, don akwai wata iska mai ɗumi da ke gangarowa daga Alps, suna ce mata Föhn, in ta busa sai gari ya washe har a hango ƙololuwa farare a jere daga nesa. Amma ban taɓa jin wurin ya shafe ni ba. Harkata ita ce aiki, masallacin Juma'a, shagon Baturken da ke sayar da naman halal, sai waya da gida.

Korona ce ta wargaza wannan lissafin. Nijeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje ran 23 ga Maris 2020, ba a buɗe Legas da Abuja ba sai 5 ga Satumba, na Malam Aminu Kano kuwa sai da aka shiga 2021. Ko bayan an buɗe, tafiya da iyali ta zama sai mai ƙarfi: gwaji kafin tashi, biyan kuɗin wani gwajin tun ba ka sauka ba, killace kai na mako guda a can, in ka dawo kuma wani zaman ɗakin a nan. Wanda yake wanke tsoho mai shekara 90 kowace safiya ba ya wasa da irin wannan. Shugabar sashenmu ta kira ni ta ce hutu ba ya taruwa har abada, wanda ban ci ba a shekarar in an yi mini alfarma zuwa ƙarshen Maris ne, daga nan ya ƙone. Haka na cinye shi a cikin gida, ni da uwargida da yara biyu, muna kallon bango.

Ita ce ta fara kawo maganar. Wani dare bayan yara sun yi barci ta ce, "Malam, yaran nan a makaranta kowa yana labarin dusar ƙanƙara da dutse, su ba su da abin faɗa. Tunda gida ya gagara, mu ma mu je mu ga abin da ake gani mana."

Ta yi magana a lokacin da ba inda za a je. Mutanen yankin nan ba su manta da Ischgl ba, wani ƙaramin gari a jihar Tirol ta Ostiriya da ya yi suna wajen wasan zamiya a kan ƙanƙara da shagalin dare. A can cutar ta yaɗu tsakanin 'yan yawon buɗe ido a Maris 2020, suka kwashe ta zuwa ƙasashensu, har aka killace kwarin baki ɗaya ran 13 ga watan. Saboda haka da hunturu ya zagayo kowace ƙasa ta kama nata hanyar. Faransa da Italiya da Bavariya, jihar Jamus da muke zaune a cikinta, suka bar na'urorin haura dutse a rufe, Siwizalan ta buɗe nata, Ostiriya ta buɗe ran 24 ga Disamba amma otal-otal a kulle, wato na 'yan gida ne kawai. A yankin Berchtesgaden na Bavariya tun a Oktoba 2020 aka ce wa baƙin da ke masauki su tattara su tafi. A Fabrairun 2021 Bavariya ta soke hutun makaranta na mako guda da yara suka saba samu, ran 14 ga watan kuma Jamus ta tsaurara iyakarta da Tirol saboda wani sabon nau'in cutar. Tsauni ɗaya ne, dokoki sun fi biyar, kowacce kuma tana iya sauyawa kafin ka gama karanta ta.

Da kaka ta 2021 ta shigo sai muka ga kamar an samu sauƙi. Ni na yi rigakafi tun farkon shekara, tunda da gidajen tsofaffi aka fara, uwargida ma ta yi nata, kowa yana da shaidar rigakafi ta Tarayyar Turai a wayarsa, wadda aka fara aiki da ita ran 1 ga Yuli. A Oktoba muka kama wani ɗan gida mai kicin a wani ƙauye kusa da Innsbruck, babban birnin Tirol, don hutun makaranta na ƙarshen Disamba. Ba a zaɓar wani lokaci a nan, domin cire yaro daga makaranta ba izini laifi ne da ake cin tara a kansa. Wata abokiyar aikina ta ja mini kunne a kan abu guda: kada in biya ko sisi a wurin da ba a rubuta cewa zan iya fasawa kyauta ba. Na bi maganarta, duk da wanda ba a fasawa ya fi arha.

Watan Nuwamba ne ya nuna mini amfanin shawarar. Ran 14 Jamus ta sa Ostiriya cikin jerin wurare masu haɗari, jerin da cibiyar Robert Koch mai sa ido kan cututtuka a Jamus ke wallafawa a lokacin. Ran 22 Ostiriya ta kulle ƙasar gaba ɗaya, mai rigakafi da marar shi. A wannan makon aka ji labarin sabon nau'in cutar, Omikron, daga Afirka ta Kudu, kafin ka ce kwabo Birtaniya ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, abin da ya ƙona mini rai ƙwarai, don a lokacin cutar ta fi yawa a Turai nesa ba kusa ba. Kullum in na taso daga aiki sai in zauna da waya ina duba shafi uku, na gwamnatin tarayya, na Bavariya, na Tirol, ina rubuta abin da ya sauya a bayan wata ambulan. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yara. Ni da uwarsu in mun dawo za mu cike fom ɗin shigowa a intanet, mu ɗora shaidar rigakafi, shi ke nan. Su kuwa ba su kai shekara 12 ba, rigakafin 'yan shekara 5 zuwa 11 bai fara ba sai tsakiyar Disamba, don haka dokar ta ce su zauna a gida kwana 5. Wa zai zauna da su? Ni ina da aiki washegarin dawowa, kuma a ƙarshen shekara ba a samun mai canjin ka.

Akwai kuma wani abin da maƙwabtana Jamusawa ba su da shi a nasu lissafin. Izinin zamana ya ƙare a daidai wannan lokacin, ofisoshi kuma aiki ya taru musu saboda cutar, sai aka ba ni wata 'yar takarda mai ninki uku ta wucin gadi, Fiktionsbescheinigung, kafin sabon kati ya fito. Takardar iri-iri ce. Akwai wadda ke nuna tsohon izininka yana ci gaba da aiki, da ita za ka iya fita ka dawo in kana riƙe da fasfo. Akwai wadda in ka tsallaka iyaka da ita ba ka da hanyar komowa. Bambancin yana cikin wani ɗan akwati da aka yi wa alama, da lambar sashen doka a gefensa. Tawa mai kyau ce, amma ba kowane ɗan sanda a wata ƙasa ya saba ganin ta ba. A ɗakin shan shayi na wurin aiki ina jin mutane suna cewa ba su taɓa zaton za su ga ranar da za a tambaye su takarda kafin su shiga Ostiriya ba. Na tausaya musu da gaske, don na san ɗacin abin. Sai dai ni tun ranar da na sauka a ƙasar nan ban taɓa shirya tafiya ba tare da na fara duba ranar da takardata za ta mutu ba.

Sannan ga zuciya da ta rabu biyu. A hunturun baya mun rasa tsofaffi a gidan da nake aiki, wasu da hannuna na haɗa kayansu a kwali na miƙa wa 'ya'yansu a bakin ƙofa. A ƙarshen Nuwamba asibitocin Bavariya sun cika har jirgin soja yana kwasar marasa lafiya zuwa wasu jihohin. Na yi ta tambayar kaina ko ya dace mutum ya tafi shaƙatawa a irin wannan hali. Abin da na tsaya a kai shi ne a tafi, amma a rage komai: ba tsallaka iyaka, ba gidan cin abinci, ba cunkoso, gwaji kafin tafiya da bayan dawowa. Na yi allura ta uku, na fasa gidan Tirol ba tare da na yi asarar komai ba, na nemi wani a wajen Garmisch-Partenkirchen, cikin Bavariya. Shi ma ba tabbas, don an kafa doka cewa duk yankin da sabbin masu kamuwa suka haura 1,000 cikin mutum 100,000 a mako guda za a rufe masaukansa. Har ranar tafiya ina duba alƙaluman yankin kafin in karya.

Da na gaya wa Hajiya a waya sai ta yi shiru, ta ce, "Yanzu kai da hankalinka za ka kwashi jikokina ka kai su kan dutse cikin wannan sanyin? Me aka ajiye muku a can?" Na ce, "Hajiya, gani kawai za mu yi." Ta ce to a rufe musu kunne da ƙirji, a shafa musu man zafi, Allah ya tsare.

Kayan sanyin yara gwanjo muka saya, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ara mana katakon zamiya na 'ya'yanta da ya shekara da shekaru a ɗakin ajiya. Uwargida ta ɗaure kuka da daddawa da yaji da garin tuwo. Muka hau jirgin ƙasa da tikitin Bavariya na yini guda, kowa da takunkumin FFP2, tafiyar ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Mai gidan da muka sauka ta tare mu a ƙofa da wayarta, ta ɗauki lambar shaidar rigakafinmu, ta gwada sunan da na fasfo harafi bayan harafi, sannan ta miƙo makulli da katin baƙi na shiga bas kyauta.

Zugspitze shi ne dutse mafi tsawo a Jamus, mita 2,962. Daga bakin tafkin Eibsee ake shiga wani babban akwatin gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe, wanda aka buɗe a 2017, cikin minti 10 ya kai ka sama. Turke ɗaya tal ke riƙe da igiyar a hanya, tsawonsa mita 127, in akwatin ya wuce shi sai ya yi ɗan lilo, a nan uwargida ta damƙe hannuna tana salati. Ni da nake ganin hawa Dala da ƙuruciya wani abin alfahari ne, sai ga ni ina kallon gajimare a ƙarƙashin ƙafata. Iskar saman tana yanka fuska, numfashi yana yin nauyi in ka yi sauri. Ƙaramin ya cire safar hannu ya damƙi dusar, bai yi minti ɗaya ba ya fashe da kuka, uwarsa ta cusa hannayensa cikin rigarta har suka dawo daidai, muka ba shi shayi mai citta da kanumfari daga fulas. Iyakar Jamus da Ostiriya ta bi ta kan ƙololuwar, akwai allo da ke nuna inda Bavariya ta ƙare Tirol ta fara. Muka tsaya muna hango garin Ehrwald na Tirol can ƙasa. A ɗan ƙasa da ƙololuwar akwai ɗakin salla da aka tanada saboda Larabawan da ke yawan zuwa, abin da ban taɓa tsammani ba a irin wannan wuri. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, wajen 4 da rabi ta faɗi, don haka Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa-kusa, dole ka tsara yininka a kansu. Ƙasaru ta taimaka.

Sauran kwanakin ba mu kashe kuɗi ba. Wani ɗan gangare a bayan ƙauyen ya ishi yaran, su ja katako su hau, su zamo, su faɗi, su tashi, har duhu. Wani dattijo da ke share dusar ƙofar gidansa ya nuna wa babbar yadda ake taka birki da diddige. Da dare mu ci tuwo miyar kuka, tagogi sun yi gumi. Da aka koma makaranta malamarsu ta ce kowa ya zana abin da ya yi a hutu, babbar ta zana mu huɗu a cikin akwatin igiya, ta sa wa uwarta hijabi ja.

Sabon katina ya fito a farkon 2022. A Maris Jamus ta cire duk ƙasashe daga jerin masu haɗari, a Afrilu aka ɗage yawancin dokokin cikin gida, da bazara kuma muka cika wa uwargida burinta na ganin Innsbruck. Ba wanda ya tambayi shaidar rigakafi, ba fom, ba gwaji. A hanyar dawowa, bayan jirgin ya bar Kufstein, garin Ostiriya na bakin iyaka, 'yan sandan iyaka suka shigo, binciken da Jamus ke yi a wannan iyakar tun Satumba 2015, tun kafin a san wata Korona. Suka wuce kujeru da yawa suka tsaya a kanmu. Fasfo huɗu da katunan zama huɗu suna cikin jakar roba a aljihun gaban rigata, na miƙa, suka duba, suka yi godiya suka wuce taragu na gaba.