Gwiwar Inna da Hasumiyar Agogon Makka

Gwiwar Inna ce ta sa muka sauka a Abraj Al Bait, rukunin hasumiyoyin nan mai agogo da ke gaban Haramin Makka. Da ni kaɗai ne, da Misfala zan nufa, inda yawancin mutanenmu ke sauka, in riƙa taka sayyadata zuwa Harami. Amma Inna ta haura saba'in, kuma ko daga ɗakinta zuwa zaure sai ta tsaya hutawa. Shi ya sa da Allah ya nufa zan kai ta umara, ni da ƙannena muka haɗa kuɗi muka kama mata ɗaki a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin da ke cikin waɗannan hasumiyoyi bakwai, daura da Ƙofar Sarki Abdul'aziz.

Ni sana'ata aikin famfo da wuta a manyan gine-gine. Sama da shekara ashirin ina yin ta a Kaduna, kuma gini mafi tsawo da na taɓa sa wa hannu hawa shida ne. To ga ni a gindin hasumiyar da ta kai mita 601, wadda lokacin da aka gama ta a 2012 babu ginin da ya fi ta tsawo a duniya sai Burj Khalifa na Dubai. Kamfanin Dar Al-Handasah ne ya zana rukunin, kamfanin Saudi Binladin ya gina, wurin kuma waƙafi ne na Sarki Abdul'aziz, abin da yake samarwa na hidimar masallatan nan biyu masu alfarma ne. Agogon da ke samansa faɗin fuskarsa mita 43, kuma kamfanin SL Rasch na Jamus ne ya tsara wannan ɓangaren. Su ne suka yi manyan laimomin nan na harabar Masallacin Annabi a Madina da ke buɗewa da rufewa da kansu. Da na gaya wa Inna haka, cewa ta yi, "Allah ya saka musu, ai na sha inuwarsu."

Kowa agogon yake ɗauka hoto. Ni lifta ce ta ɗauke mini hankali.

A ginin ofis, mai zane yana lissafa cunkoso sau biyu, safe da lokacin tashi. A otal na yau da kullum baƙi na shiga da fita a warwatse, wani na barci wani na cin abinci. Nan kuwa sau biyar a yini dubban mutane ke son sauka a lokaci ɗaya, su nufi ƙofa ɗaya, sannan bayan sallame salla su dawo gaba ɗaya. Cikinsu da tsofaffi, da masu keken guragu, da mai goyo, da wanda bai taɓa shiga lifta ba a rayuwarsa. Duk wanda ya zana wannan gini, kiran salla ne ya tsara masa aikinsa kafin komai. Shi ya sa ba a yi lifta ɗaya daga ƙasa har ɗaki ba. Ƙasan ginin kasuwa ce mai hawa-hawa, da matattakala masu tafiya da kansu suna kwashe jama'a ba tsayawa. Daga nan ka hau lifta zuwa wurin karɓar baƙi na otal ɗinka, sannan ka sake wata zuwa ɗakinka. An rarraba taron kashi-kashi, yadda manomin rani ke raba ruwa a kwalbatoci don kada ya ci kunya guda. An kuma yi wuraren salla a cikin ginin masu kallon Harami, ga lasifika a ɗakuna tana kawo karatun liman kai tsaye. Batun bin liman daga can, malamai sun yi magana a kai kuma ra'ayinsu ya bambanta. Inna dai ta ce tunda ta zo Makka, a cikin masallaci za ta yi sallarta.

Saboda haka muka koyi ginin. Minti arba'in kafin azahar nake cewa, "Inna, a yi alwala mu sauka." Takan ce, "Kai wannan, ko kiran farko ba a yi ba." In ce mata ai hanyar ce ke da layi. Ran da muka makara a magariba, lifta uku suka buɗe mana a cike maƙil, sai a ta huɗu wasu 'yan Indunusiya suka matsa, ɗayansu ya riƙe ƙofa da hannu har na tura kekenta ciki.

Wani abin da baƙo ba ya gani shi ne ruwa. Ba a barin famfo ɗaya ya tura ruwa daga ƙasa zuwa hawa na ɗari, ƙarfin zai yi wa bututun da ke ƙasa yawa. A dogon gini ana keɓe wasu hawa don injuna da tankuna, ruwa ya hau zango-zango, kuma a rage masa ƙarfi kafin ya shiga ɗaki. Yi tunanin mutanen da ke buɗe famfo don alwala a cikin minti goma kafin asuba. Na tsaya a banɗaki na buɗe famfon a daidai wannan lokacin, ƙarfin ruwan bai ragu ba ko kaɗan. Na san irin lissafin da aka sha kafin a samu haka, kuma na yi wa waɗanda suka yi shi addu'a.

Duk da haka akwai abin da ke ci mini rai. Inda ginin yake, da can tsauni ne, a kansa akwai ganuwar Ajyad da Turkawan Daular Usmaniyya suka gina don tsaron Ka'aba. A 2002 aka rushe ta aka baje tsaunin, har gwamnatin Turkiyya ta yi ƙorafi. Sannan kana cikin ɗawafi, ka ɗaga kai don addu'a, hasumiyar ce ta cika maka ido. A ganina da an rage mata tsawo ko an ja ta baya, da ya fi dacewa da ladabin wurin. Haka kuma farashin ɗaki yana bin taga: mai kallon gari da kuɗinsa, mai kallon Harami ya fi shi, mai kallon Ka'aba ya fi duka. Alhajin ƙauyenmu da ya sayar da shanunsa ya zo, shi masaukinsa na can nesa, yana takowa cikin rana. Ina tura Inna muna wuce irinsu a bakin ƙofa, sun jiƙe da gumi, sai in ji nauyi.

A kwana goman da muka yi, salla biyu kawai ta kuɓuce wa Inna a cikin Harami, duka a ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Ran nan na ja mata kujera zuwa taga, na ƙara sautin lasifika. Ta jingina goshinta da gilashi tana kallon masu ɗawafi can ƙasa, carbinta a hannu, har aka kira isha'i ba ta bari na mayar da ita gado ba.