Abin da ke fitar da ɗalibi daga makaranta

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke barin jami'a ko kwaleji ba karatun ne ya gagare su ba. Wannan shi ne babban abin da na tsira da shi daga digiri na biyu a fannin tafiyar da manyan makarantu, kuma aikina a ofishin kula da harkokin ɗalibai a nan Kaduna kullum ƙara tabbatar mini da shi yake yi.

A aji mun nazarci ra'ayin Vincent Tinto, wani masani ɗan Amurka da ya bayyana a 1975 cewa ɗalibi yana ɗorewa ne idan ya saje da makarantarsa ta fuska biyu, wato ta karatu da ta zaman tare da jama'a. Maganarsa tana kan hanya. Sai dai an fi gina ta a kan matashin da ke kwana a cikin makaranta, ba shi da wata hidima sai littafi. Namu kuwa daga Rigasa yake tasowa, ko Kawo, ko Sabon Tasha, ya hau bas ya sauka ya hau Keke Napep. Wata da goyo take zuwa, ta bar girki a gida. Wani da safe yana lacca, da la'asar yana tsaron shago a Kasuwar Barci ko yana bugun ƙarfe a Panteka. Yaushe irin wannan zai tsaya taron ƙungiya da yamma har ya saba da mutane?

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wata ɗaliba da ta daina zuwa aji ta shigo ofis neman jingine karatu. Na tambaye ta ko darussan ne suka yi mata nauyi. Ta ce, "Wallahi Malam ina ganewa. Kuɗin mota ne, kuma ina jin nauyin tambayar Baba kullum." A takarda za a rubuta ta kasa cika adadin halartar aji, alhali sakamakonta na baya mai kyau ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake kallon ofishinmu a matsayin wurin rabon gado a hostel da ladabtar da masu laifi kawai. Ɗalibi ba ya zuwa sai an kira shi, in an kira shi kuma gabansa faɗuwa yake. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka koma, wasu sun yi aure, wasu sun kama sana'a, kuma a ganina aikinmu ne mu bi sawunsu mu ji dalili.

Haka batun bashin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, amma na ga iyayen da suka hana 'ya'yansu nema don suna zaton riba ce, na ga ɗaliban da suka maƙale saboda sunan da ke kan NIN ya saɓa da na JAMB. Sanarwa a allo ba ta warware wannan. Sai an zauna da mutum, an yi masa bayani da harshen da yake ji.

Wanda ya fi kowa sanin halin da ɗalibai ke ciki shi ne wakilin aji. Shi ke riƙe da zauren WhatsApp, shi ya san wanda aka yi wa rasuwa da wadda ta haihu. Bayansa sai shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi da na Kirista, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. Yanzu duk farkon zango nakan tara wakilan azuzuwa, in roƙe su su riƙa turo mini sunan duk wanda aka yi mako biyu ba a gan shi ba, in kira shi da kaina tun kafin a rufe rajistar jarrabawa.