Maƙirgin da ba ya wuce biliyan huɗu

Talata, Yamai

Yau dai Allah ya raba ni da lissafin da ya hana ni sukuni tun satin da ya wuce.

A ofis muna da wasu ƙananan allunan kwamfuta da muke haɗawa da famfunan sola na ƙauyuka, su riƙa tattara bayanai suna matse su kafin su turo ta layin waya, tunda rezo ɗin can sai a hankali. Furosesan da ke cikinsu, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, Cortex-A53 ne na ARM, mai cibiya huɗu da kowace ke iya gudanar da nata aikin. Kanel ɗin kuwa, wato tushen manhajar da ke sarrafa na'urar, Linux ne, amma irin wanda kamfanin da ya ƙera allon ya yi wa nasa ƴan gyare-gyare ya haɗo mana da shi. Ɗalibin da ke koyon aiki a wurinmu ya sake rubuta sashen matse bayanan, ya ce nasa ya fi na da sauri. Alhaji, maigidan ofis, ya ce shi ba ya sayen magana da baki, a kawo masa lamba. To, lambar ce ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Da perf muke awon, wato kayan aikin Linux na auna yadda shiri ke gudu. Kowace cibiya ta wannan furosesa tana da maƙirga shida da za ka ce musu su ƙirga abin da kake so, da kuma guda ɗaya daban na bugun agogo. Idan na ce a ƙirga umarnin da shirin ya zartar cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, sakamako lafiya lau. Da zarar na bar shi ya yi minti guda a kan cibiya ɗaya, sai a ga abin mamaki: shiri ɗaya, fayil ɗaya, amma kowane gwaji da lambarsa, kuma galibi ƴar ƙarama ce da hankali ba zai ɗauka ba. Agogo ya buga sau biliyoyi da dama, umarni kuma wai biliyan ɗaya da ɗoriya, kamar furosesan barci yake yi.

Yaron ya ce, "Yaya, ko zafi ne?" Ban ga laifinsa ba, don kafin azahar ma'aunin ya haura 40, kuma allon ba shi da fanka. Na ce masa zafi yana sa furosesa ya rage gudu, aikin ya daɗe, amma ba ya rage yawan umarnin da ke cikin aikin. Ko a guje ko a rarrafe, adadin ɗaya ne. Duk da haka ya je ya ɗauko fankar tebur ya kafa wa allon. Ba abin da ya sake, sai dai ni na samu iska.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ƙara abubuwan da za a ƙirga, da kuskuren ma'ajiyar kusa (in furosesa ya nemi bayani a ƴar ma'ajiyarsa mai sauri bai samu ba), da kuskuren hasashen reshe (in ya yi hasashen hanyar da shiri zai bi bai dace ba), da sauransu, har suka fi maƙirga shidan yawa. A irin wannan hali kanel karɓa-karɓa yake yi: duk bayan ƴan milisakan ya sauke wasu ya ɗora wasu. Yana riƙe da lokaci iri biyu ga kowane abu, tsawon lokacin da aka nemi a ƙirga shi da tsawon lokacin da ya samu maƙirgi da gaske, sai perf ya faɗaɗa lambar gwargwadon haka, ya rubuta kaso a gefe don ka san ƙiyasi ne. Ni a sanina ƙiyasi shi ne abin tuhuma. Amma yau ƙiyasin ne ya zauna daram, gwaji bayan gwaji, kuma babbar lamba ce mai ma'ana. Ƙirgen da ake cewa shi ne sahihi, shi ke yawo.

Nan na ture allon rubutu na ɗauki biro. Na jera lambobin da suka fito ba tare da karɓa-karɓa ba, na riƙa cire wannan daga waccan. Duk inda aka samu tazara mai yawa, sai ta faɗo dab da 4,294,967,296 ko ninkinsa. Wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san lambar kamar lambar wayarsa: biyu ce aka ninka a kanta sau 32. Maƙirga shidan nan bit 32 ne faɗinsu, wato a wannan lambar suke cika, na agogo ne kawai mai 64. Furosesa mai bugu biliyan 1.2 a daƙiƙa, in yana zartar da kusan umarni ɗaya a kowane bugu, bai kai daƙiƙa huɗu ba zai cika maƙirgi ya koma sifili.

Abin kamar awon hatsi ne. Mai awo yana cika tiya yana juyewa a buhu, wani na gefe yana jan layi a ƙasa. In mai jan layin bai ji kira ba, daga ƙarshe abin da ya rage a cikin tiya kawai za a ce shi ne hatsin. A cikin drivers/perf/arm_pmu.c, fayil ɗin kanel da ke kula da maƙirgan, an yi tanadin haka: kanel yana saita maƙirgi ya buga ƙararrawa tun yana rabin hanya, ya zo ya kwashe abin da ya taru ya zuba a lissafinsa mai bit 64. Yana kuma kwashewa duk lokacin da aka sauke shiri daga cibiya ko aka yi karɓa-karɓa. Shi ya sa ƙiyasin ya yi daidai, don ana leƙa tiyar a kai a kai. Shi ya sa kuma lambobin ke yawo: in wani ƙaramin aiki ya kutso ya karɓi cibiyar, an kwashe a kan lokaci, in ba wanda ya kutso, an yi asara.

Na buɗe /proc/interrupts, inda kanel ke nuna sau nawa kowace ƙararrawa ta buga, na sami layin maƙirgan, wato arm-pmu. Sifili, sifili, sifili, sifili. Ƙararrawar ba ta taɓa bugawa ba tun da aka kunna allon.

Daidai nan aka ɗauke wuta. Kafin mai gadi ya tada janareta muka fita bakin titi muka ci dambu da zogale, yaron yana ta tambayata ko za mu rubuta wa mutanen Linux cewa mun kama musu kuskure. Na ce ya bi a sannu. Tun 2009 sashen perf ya shiga kanel, a fitowar 2.6.31, Ingo Molnar da Thomas Gleixner suka kawo shi, kuma idanun da suka bi ta kansa daga lokacin zuwa yau ba su ƙirguwa. In ka ga abu ya lalace a allon da mutane kaɗan ke amfani da shi, fara da abin da mai allon ya taɓa da hannunsa.

Haka kuwa aka yi. Bayan la'asar na buɗe fayil ɗin da ke yi wa kanel bayanin na'urorin allon, na ajiye shi gefe da takardar bayanin guntun da furosesan ke ciki. A tsarin GIC na ARM, wato sashen da ke kai ƙararrawa ga cibiyoyi, lambobin ƙararrawa daga 0 zuwa 31 na cikin gida ne na kowace cibiya, na na'urorin da ake tarayya a kansu suna farawa daga 32. Takardar guntun tana ba da cikakkiyar lamba, shi kuwa fayil ɗin yana so ka fara ƙirga na tarayyar daga sifili, wato ka cire 32. Wanda ya rubuta sashen maƙirga ya kwafo lambobi huɗun yadda ya gan su a takarda. Kanel ya je ya zauna yana jira a ƙofar da ba mai ƙwanƙwasawa, kuma da yake ba wata na'ura a waɗannan lambobi, ba abin da ya yi ƙorafi. Na tabbata ba wanda ya taɓa gwada perf na fiye da ƴan daƙiƙu kafin a zuba allon kasuwa.

Na ba yaron ya cire 32 ɗin da kansa, layi huɗu, muka haɗa fayil ɗin da dtc, shirin da ke mayar da shi yadda kanel zai iya karantawa, muka sake kunnawa. Lambobin arm-pmu suka fara hawa. Ƙirgen umarni ya tsaya wuri ɗaya, ya yi daidai da ƙiyasin safe, perf record ma, mai ɗaukar samfurin inda shiri ke ɓata lokaci, da a da yake dawowa hannu rabbana ya fara kawo samfura.

Sakamakon bai yi wa yaron daɗi sosai ba. Gaskiya ne shirinsa ya rage umarni, amma yana yawan kuskure ma'ajiyar kusa, sai furosesa ya tsaya jiran babbar ma'ajiya, ribar ta tafi a nan. Alhaji ya duba takardar ya ce, "To ɗana, ka yi ƙoƙari, saura ka sa ya daina jira." Na tambaye shi allunan da ke ƙauyuka fa. Ya ce tunda abin bai taɓa aikin famfo ba, awo kawai ya shafa, a bar su sai an je zagayen gyara na gaba. Ya ce kuma in rubuta wa kamfanin allon da gyaran a haɗe, ko sun amsa ko ba su amsa ba. Na rubuta kafin magariba, na sa sunan yaron a kai tare da nawa.