Kafin ka yarda a sauke maka giyabos

Duk mai a-kori-kura ya san wannan maganar, da zarar giya ta fara gardama ka kai mota gareji, kafin ma ka rufe baki an ce maka "oga sai an sauke giyabos". Ni dai abinda na lura dashi a irin motocin nan, Hilux ce ko L200 ko Navara ko D-Max, sau da yawa giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau, sunansa ne kawai ya ɓaci, mai laifin yana can gefe ya yi shiru. Kuma sauke shi ba wasa bane musamman a mai jan ƙafa huɗu, sai an kwance furofela gaba da baya, wato dogayen sandunan da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa ƙafafu, an cire sandar giya, an tallafe shi da jak, mutum biyu ko uku suna nishi a ƙarƙashin mota wuni guda. To me zai hana ka ɗan bincika da kanka tukuna?

Gwajin farko ko sifana baya buƙata. Kashe injin, taka kuloci, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ribas. In duk sun shiga sumul, tada injin ka sake gwadawa motar na tsaye. In yanzu giya lamba ɗaya ta ƙi shiga sai da ƙarfi, ribas kuma tana ƙarrr kamar za'a zubar da haƙora, to malam ba giyabos bane, kulocinka ne baya saki gaba ɗaya. Ka taka shi har ƙasa amma faifan kulocin yana nan yana shafar fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan injin, shaf ɗin da ke shiga giyabos bai daina juyawa ba. Dalilin da yasa ribas ke fara tona asiri shi ne a yawancin tsofaffin giyabos bata da zoben nan na sinkoro mai daidaita gudu kafin haƙora su haɗu, don haka ko ɗan juyi kaɗan ne sai ta yi ihu.

Daga nan sai ka koma kan mai. Kusan duk fikof na yanzu kulocinsu da mai yake aiki, man birki ne ma, DOT 3 ko DOT 4, akwai masta na sama wanda feda ke turawa da kuma na ƙasa a jikin giyabos. Wasu motocin kuloci nada ɗan kofinsa daban, wasu kuma kofi ɗaya suke sha da birki, saboda haka ka duba da kyau. In man ya yi ƙasa, tambayar ita ce ina ya tafi, don ba ƙonewa yake ba. Ɗauki tocila ka kwanta ka leƙa saman feda ta cikin mota, daidai inda sandar ke shiga masta. In kaga wurin ya jiƙe, ko fentin ya kumbura ya fara ɓarewa, ko kafet ɗin ƙarƙashi na da danshi mai santsi a yatsa, ka kama ɓarawon. In can a bushe yake, shiga ƙasa ka ɗan janye robar da ta rufe bakin na ƙasan, in mai ya tsiyayo daga ciki shi ne ya mutu.

Akwai kuma wanda baya yoyo ko ɗigo amma ya lalace ta ciki, wannan shi yafi wahalar da mutane. Yadda zaka gane shi, saka giya lamba ɗaya ka danne kuloci ka riƙe, ɗayar ƙafar na kusa da birki, ka jira kamar rabin minti. In motar ta fara rarrafe da kanta alhali ƙafarka bata motsa ba, robobin cikin masta ne suka gaji, mai na zamewa ta gefensu. Haka in sai ka yi famfon feda sau uku huɗu kafin giya ta shiga, ko dai iska ce a layin man a yi bilidin, wato a fitar da ita, ko mastan ne. Ba ruwan giyabos a nan ko kaɗan.

Kishiyar wannan ita ce kuloci mai zamewa. Shi giya na shiga lafiya lau, amma ka ɗora kaya ka doshi hawa sai kaji injin na ta kuka, allurar injin ta haura, mota kuwa tana tafiyar hawainiya, sannan ga wani wari mai ɗaci irin na birkin da ya ƙone. Gwada a giya huɗu ko biyar kana tafiya a hankali, ka take totur gaba ɗaya, in kukan injin ya tashi gudu bai ƙaru ba to yana zamewa. Amma ko a nan kar ka yi saurin yanke hukunci, taɓa fedar da hannu tukuna. Ya kamata a sami ɗan wasa a samanta kafin ta fara tauri, littafin motar zai gaya maka adadin. In wani ya taɓa ɗaure sandar feda ya cinye wasan nan, kulocin zai zama kamar kullum an ɗan taka shi, kuma gyaran na 'yan mintuna ne in faifan bai riga ya ƙone ba.

Bari in ɗan yi ƙorafi a nan. Direbobi da yawa su ke kashe kuloci da ƙafarsu sannan su zagi kamfani. Mutum ya loda mota har ta durƙusa, ya tashi da giya biyu wai ɗaya bata da sauri, ya tsaya a hawa yana riƙe mota da rabin kuloci maimakon ya ja hanbirki, in an hau titi kuma ƙafar hagu na kan feda tana hutawa. Wallahi ko wane irin faifai ka saka bazai jure wannan ba.

Sai ƙara. Mota na firi, wato ba a giya ba, injin na aiki, saurara. In shiru ne sai ka fara taka kuloci kaji wani kuka ko ƙiii, rilis biyarin ne, wato biyarin ɗin da ke dannawa ya saki kuloci in ka taka feda. In kuma akasin haka ne, ƙarar na nan ƙafarka na waje amma da ka take sai ta ɗauke, wannan daga cikin giyabos take, yawanci biyarin ɗin shaf na gaba, kuma abu na farko da zaka duba shi ne man giya. Wata shawara, ka fara kwance noti na zubawa kafin na juyewa, don in ka juye man sannan na saman ya ƙi kwantuwa ka shiga uku. Man ya kamata ya kai daidai bakin ramin, ka saka yatsa ka taɓo shi. Notin ƙasa yawanci yana da maganaɗisu, in kaga ɗan laushin baƙin gari a kai ba komai, haka yake, amma in kaga gutsattsarin ƙarfe da zaka iya ɗauka da farce, ko man na ƙyalli ruwan tagulla, to an fara cin abu a ciki.

Wannan ruwan tagullar zoben sinkoro ne, kuma shi ne bayanin motar da giya guda ɗaya tak ke gurzawa, galibi ta biyu ko ta uku, sauran kuwa lafiya. Kafin a buɗe a gwada canza mai da ainihin wanda aka rubuta. Ba kowane mai kauri ne man giya ba, aji-aji ne, akwai GL-4 akwai GL-5, wasu giyabos ɗin basa shiri da GL-5 ɗin da ake zubawa a aksil, wasu ma na hannu ne amma man otomatik suke sha. Na sha ganin giya ta biyu mai taurin kai da safe ta dawo hanya saboda canjin mai kawai, duk da dai in zoben ya riga ya cinye ba man da zai dawo dashi.

Giya mai fita da kanta in ka saki totur, duba robobin da injin da giyabos ke zaune a kai da bushin ɗin sandar giya kafin komai. Ƙwas ɗin da kake ji lokacin tashi ko in ka saka ribas, kama furofela da hannu ka girgiza, mota a kashe an saka mata waigi, sau da yawa kuros ne, wato gaɓar da ke jikin furofela, ya yi wasa. Masu jan ƙafa huɗu irin wanda ake sakawa a cire kuma, in kun bar ta a 4H, wato tana jan ƙafa huɗu, kan busasshiyar kwalta dole ta ɗaure ta ƙi fita, sitiyari ya yi nauyi a kwana, ja da baya kaɗan a miƙe yakan sake ta.

Otomatik ba zan daɗe a kai ba, duba man yadda littafi ya ce, da yawa sai injin na aiki ya yi zafi. In ya koma baƙi yana warin ƙuna, zafi ya dafa shi, kuma jan tirela da lodi su ke kawo haka. A jona kwamfuta a karanta kafin kowa ya taɓa noti, wani lokacin sensa ce ko waya.

In duk an bi waɗannan kuma ya tabbata sai an sauke, to a yi aikin sau ɗaya. Faifai da firesha filet, wato ƙarfen da ke matse faifan a jikin fulawil, da rilis biyarin a canza su tare, har ɗan ƙaramin biyarin ɗin da ke tsakiyar fulawil. A duba fuskar fulawil ko ta yi shuɗi ko ta tsattsage, in irin mai ɓari biyu ne mai sifirin a ciki a gwada wasansa. A haska oyil sil, wato robar da ke tare mai, na bayan injin da na gaban giyabos, don in ɗaya na tsiyaya zai jiƙa sabon faifan motar ta dawo tana karkarwa wajen tashi. In kuma motarka irin wadda mastan kuloci na ƙasan ke cikin ƙwaryar giyabos ne, canza shi a lokacin ko da bai fara yoyo ba, don ranar da ya fara sai an sake sauke komai kafin hannu ya kai gare shi.