Mako uku daga Las Palmas zuwa Karibiyan a ƙaramin jirgin iska

A ƙarshen Nuwamba, bayan lokacin manyan guguwowin Atlantika ya ja baya, ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska kan tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari su nufi Karibiyan. Ayarin da aka fi sani shi ne ARC, wanda aka fara a 1986, yana kuma sauka a tsibirin Sen Lusiya. Tafiyar kusan kilomita 5,000 ce, jirgi mai tsawon mita 12 zuwa 14 kan ci ta cikin kwana 18 zuwa 21. Iskar da ke tura shi daga arewa maso gabas take busowa, 'yar uwar iskar hunturunmu ce. Wanda ya ratsa ta tsibiran Kef Bade a Disamba ko Janairu ma yakan tarar da ƙurar Sahara ta yi hazo, har ta rina filafilai ja, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska.

Jirgi ba ya tsayawa dare da rana, don haka komai a kan rabon gadi yake tafiya. In mutum uku ne, kowa ya yi awa uku, ya huta awa shida. Mai gadi zai miƙe ya duba kowace kusurwa duk bayan minti goma sha biyar, domin babban jirgin kaya kan iso daga ƙarshen gani cikin kamar minti ashirin. Da dare sai da rigar ceto, a ɗaure kuma da igiya a jikin jirgi. Ba mai zuwa goshin jirgi shi kaɗai ba tare da ya tashi wani ba. Wanda ya faɗa ruwa cikin duhu, da wuya a sake ganinsa.

Hadari ya fi zuwa da dare. Baƙin girgije zai taso ta baya, taurari su ɓace, iska ta ninka ƙarfinta cikin 'yan mintuna, ta kuma sauya fuska. Shi ya sa ake rage filafili tun kafin magariba, ko da sama garau take. Sandar nan ta kwance da ke ƙasan babban filafili dole a ɗaure ta da igiya zuwa gaban jirgi, in ba haka ba iska tana juyawa za ta fyaɗo ta ɗaya gefen, ta fasa kan mutum ko ta karya ƙarfe.

Amma a ganina abin da ya fi ɓata tafiya shi ne gugar igiya. Iska ta baya tana sa jirgi tangaɗi dama da hagu ba hutu, igiya kuwa duk inda ta taɓa ƙarfe ci take yi. Wadda ke riƙe da filafili a saman jigo ta fi tsinkewa, domin wuri guda take gogawa a kan ƙaramar tayar da take bi. Maganin mai sauƙi ne: kullum a sassauta ta ko a ja ta kamar taƙi ɗaya don wurin gugar ya sauya, in ta fara gashi a yanke bakin a sake ƙulli. Kowace safiya mutum ɗaya ya zagaye jirgi yana taɓa kowane noti da hannu. Ƙusa ko fil ɗin da aka tsinta a ƙasa kada a jefar, daga wani wuri ya faɗo, sai an gano wurin.

Ruwan sha da na girki ana lissafa lita uku ga mutum a rana, a kan kwana 25 don gudun jinkiri, wato lita 300 ga mutum huɗu. Kada a dogara ga tanki kaɗai, ko ga injin tace ruwan gishiri. A ajiye wani kaso a jarkoki, a kashe famfon lantarki a koma na ƙafa, domin tiyo ɗaya da ya ɓalle zai zubar da tanki duka ba wanda ya ji. Wanke-wanke da ruwan teku ake yi, alwala ma ta halatta da shi.

Albasa, dankali, kabeji da lemo su ne ke kaiwa ƙarshen tafiya. A rataye su a raga inda iska ke shiga, a raba ayaba da sauran kaya don tana sa su nuna da wuri. Kwali kuwa a bar shi a bakin tasha, cikinsa ƙwan kyankyaso ke ɓuya. Murhun gas yana lilo ne a kan maƙalai biyu don tukunya ta zauna daidai, duk da haka a cika ta rabi kawai, mai girki kuma ya sa dogon wando saboda tafasasshen ruwa.

Firiji da na'urar da ke tuƙi da kanta su ke shanye batir. In sola bai wadatar ba, a kunna inji awa ɗaya ko biyu a rana. Agogo kuma ana mai da shi baya da awa ɗaya-ɗaya yayin da ake ci gaba zuwa yamma, sau huɗu ke nan kafin Sen Lusiya. A riƙa yin haka da rana tsaka, don kada gadin daren wani ya ƙaru.