Tambayar da ta tsayar da ni

Yau na zauna sake cike fom ɗin biza, komai na tafiya daidai har na iso inda ake tambaya: an taɓa hana ka biza? Wallahi sai da gabana ya faɗi. Nan take na tuno yadda aka turo mini fasfona ta ƙarƙashin gilashi, ko takarduna ba a buɗe ba.

Wani ya ce in rubuta a'a kawai. Ina! Hoton yatsuna yana wurinsu, kuma ƙarya ta fi hanin illa, tana iya rufe wa mutum ƙofa shekara da shekaru. Na amsa da e, na bayyana abin da ya canja a aikina da samuna. Ko a ba ni ko a hana, hankalina a kwance yake.